Goron da Kawu Ya Raba Kafin Ya Tafi

Ranar Lahadin da Kawu ya rasu, ban taɓa ganin babura a Kwanyawa kamar na ranar ba. Wallahi tun daga bakin titi har ƙofar gida babu inda za ka sa ƙafa. Masu acaɓa sun ajiye aiki, mai shayin tasha ya kife tukunyarsa. Wani mai tsire daga Rogo ya iso da warin hayaƙi a rigarsa, ya durƙusa gaban tabarmar dattawa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," daga nan ya fashe da kuka. Malaman da suka zo gaisuwa sai kallon juna suke. A saninsu manomin gyaɗa aka binne, dattijo mai gona uku da jaki ɗaya. To ina ya samo wannan jama'a?

A cikin gida ma haka. Innata, wadda ita ce ƙanwar mamacin, ta ce mata sun yi ta shigowa waɗanda ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, daga Jajaye, daga Daurarmu ta nan Karaye, wasu daga ƙauyukan da ko sunansu ba ta sani ba. Wata ta riƙe hannunta tana kuka tana cewa, "Yanzu wa zai riƙe mana usur?" Inna ta ɗauka baiwar Allah ta ruɗe ne, ta ba ta ruwa.

Ni na san abin da take nufi. Ni mai rake ne, kuma a bakin filin ƙwallon Kawu na koyi sana'ata. Bari in faɗi abin kunyata tun yanzu, kada wani ya riga ni. Ina zaune a wurin makoki, hawayena na gaskiya ne, amma rabin hankalina yana bayan gidana, inda dami talatin na rake ke jingine ƙarƙashin ganye. Na sa an saro mini shi ne domin wasan ƙarshe na gasar kaka, wanda za a buga ranar Asabar mai zuwa tsakanin Daura da Jajaye. Rake kuwa ba ya jiran kowa, in ya kwana biyu a sare sai ya fara komawa kara. Kuma filin da ake buga wasan gonar gado ce da ba a raba ba. Kawu ke noma ta, amma maganar ƙarshe ta yayansa ce, Kawu Babba, mutumin da ya tsani ƙwallo kamar ciwon haƙori. In ya ce ba za a buga ba, rakena ya tafi, gasar ma ta bi mai ita kabari.

Abin dariyar shi ne, Kawu bai taɓa sa ƙafa ya bugi ƙwallo ba. Har ya koma ga Allah bai gane satar gida ba. Duk sa'ad da alƙalin wasa ya soke ci, sai ya miƙe da babbar rigarsa yana faɗa. "Yaro ya yi gudu ya riga kowa, sai a ce ya yi laifi? Wannan wane irin zalunci ne!" Samari su yi ta dariya, su zaunar da shi su yi masa bayani da tsakuwa a ƙasa. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Mako mai zuwa ya sake miƙewa.

Yadda abin ya faro kuwa, wata shekara ce aka kori samari daga filin firamare saboda sun fasa taga. Kawu ya riga ya cire gyaɗarsa a gonar bakin titi, sai ya ce su je can su yi haukansu. Ranar da suka gayyato 'yan wani ƙauye, ya je ya tsaya don ya tabbatar ba a karya masa darbejiya ba. Bai kalli wasan ba sam. Abin da ya gani shi ne wata mai ƙosai da ta saba komawa gida da kwantai, ranar ta karkaɗe farantinta tun kafin a tashi. Daga wannan farantin gasar ta fito. Kawu yakan ce, "Mutum ashirin da biyu ke gudu, gari guda ke cin abinci." Duk wanda ya zauna da shi sau biyu ya ji wannan maganar sau uku.

Kai, ka zo Kwanyawa ranar wasa ka ga abu! Tun hantsi masu acaɓa ke jigila, mutum uku-uku a babur. Motocin Rogo su sauke 'yan kallo su koma su ƙaro. Mai walda da ya haɗa turakun raga ya samu aikin ƙofofi a ƙauye huɗu saboda kowa ya ga hannunsa. Telan bakin kasuwa ba ya ɗaga kai daga keke tun farkon kaka, don kowace unguwa tana son rigarta da launinta. Ga mai faci yana hura ƙwallaye, ga mai cajin waya da ɗan injinsa, ga masu soyayyen kifin dam, ga awara, ga alala, ga ƙuli-ƙuli, ga zoɓo mai sanyi. Matan da ba sa fita ma suna cikin gasar, domin daga madafinsu rabin abincin ke fitowa. Har dillalan gyaɗa sun gane cewa manomin da ba ka same shi a gida ba, za ka same shi a bayan raga yana ihu, kuma in ƙauyensu ne ke kan gaba, ciniki ba ya wuya.

Kawu bai bar komai ga sa'a ba. Ba ya sa wasa ranar kasuwar Karaye ko ta Rogo, ya ce ba za a ƙwace wa kasuwa mutanenta ba. Ba ya fara gasa sai manoma sun kai gyaɗa awo, aljihu ya ɗan yi nauyi. Sai kuma babbar dokarsa, wadda matar nan take wa kuka. Da an je hutun rabin lokaci, alƙalin wasa zai kawo masa usur ya sa a aljihu. A yi sallar la'asar, sannan Kawu ya zagaya masu talla ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa tukwane. In ya ga tukunyar wata da saura, ba za a koma wasa ba. 'Yan kallo su yi ta ihu, "Baba a busa! Baba a busa!" Shi kuwa ko a jikinsa. "Kuna son ƙwallo? To ga ɗanwake can ya rage." Na rantse na ga ƙato ya sayi ɗanwake alhali cikinsa a cike, don kawai a koma fili.

Mun taɓa yin faɗa da shi, faɗa na gaske. Akwai inuwar darbejiya a bakin shiga, wurin da kowa ke bi, kuma na shekara uku ina kafa barona a nan. Wata rana ana wasa da Jajaye, sai ga Kawu da wani mai rake baƙo a bayansa.

"Sarkin rake, ja baronka ka koma can gabas."

"Can cikin rana, Kawu? Saboda wa?"

"Saboda baƙo. Daga Jajaye ya turo kayansa."

Raina ya ɓaci, kuma ni bakina ba shi da linzami. Na ce, "Ni ɗan ƙanwarka ne fa! Gonar kakana ce wannan!" Ya dube ni ya ce, "Shi ya sa kai za ka tashi. In na tashi ɗan wani, gobe ubansa zai zo." Na ja baro ina ƙunƙuni, na yi kwana tara ban je gaishe shi ba. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

A rana ta goma sai ga shi da kansa a ƙofar gidana, dattijo da furfurarsa. Bai tayar da maganar ba. Cewa ya yi in ɗauko babur in kai shi Jajaye, za su buga wasan sada zumunci. Muna isa, mai raken nan ya taso da gudu, ya nuna mini gindin wata tsamiya a bakin filinsu ya ce, "Daga yau nan wurinka ne, duk ranar da muke da taro." Har yau ina cin abinci a gindin tsamiyar nan, biki ko suna ko wasa. A hanyar dawowa na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya ce, "Kalli hanya, kada ka zubar da ni."

Tun daga ranar na zama direbansa na rabon goro. Kawu ba ya gayyata da takarda, ba ya yi da waya. Kafin kowane babban wasa sai ya sayi ƙwaryar goro, ya naɗe a jiƙaƙƙen algarara, mu bi ƙauyuka. Mai unguwa ya samu, kyaftin ya samu, kowane mai talla da ya saba zuwa a damƙa masa nasa a hannu, a gaya masa rana. Dalili kuwa, shekarar da waya ta fara yawa, wani ɗan iska ya baza saƙo cewa an ɗaga wasa, don abokan karawarsu su ƙi zuwa a ba ƙauyensu nasara a ɓagas. Mata suka fasa girki, motoci suka fasa tasowa, fili ya zama kufai. Ban taɓa ganin Kawu cikin fushi irin na ranar ba. Ya hau benci ya ce, "Ku ji da kyau! Duk maganar da ba ta zo da goro ba, ba tawa ba ce. In zan gayyace ku, goro. In zan ɗaga wasa, goron ban-haƙuri. In waya ta ce muku na mutu ma, ku jira goro!" Aka yi ta dariya. Amma maganar ta zauna daram, daga Karaye har Rogo.

Kawu Babba fa bai taɓa taka filin nan ba. Kuma kada in zalunce shi, yana da hujja. Ƙasar gonar takan daddaɓe kamar tsakar ɗaki, sai an sa shanun huɗa sau biyu. Makiyayan da suke sauka bayan kaka su bar taki sun daina samun wuri. Duk shekara sai 'yan'uwan biyu sun kwashi 'yan kallo a zaure.

"Gonar ubanmu ka mayar dandali!"

"Yaya, ka zo sau ɗaya ka gani."

"In ga me? Ƙatti da gajeren wando suna bin fata?"

Kawu ya yi murmushi ya durƙusa ya yi masa sallama, domin duk zafin gardama bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba.

Juma'a da Asabar ɗinsa na ƙarshe a duniya, a bayan baburina ya yi su. Mun raba goron wasan ƙarshe har Jajaye, yana ta zolayar kyaftin ɗinsu cewa ragon kyauta ya riga ya koyi hanyar Daura. Lahadi da safe ya sha kokonsa a ƙofar gida, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da bango. Kafin a kawo mota ya cika.

Bayan addu'ar uku, Kawu Babba ya tara mu ya ce babu zancen ƙwallo, kuma Asabar ma ranar sadakar bakwai ce. Babban ɗan marigayi, taubashina, wanda yake zaune a Kano tun yana saurayi, ya ciro waya ya ce, "Wannan mai sauƙi ne, Baba. Yanzu zan tura wa kowa." Ya rubuta, ya tura, ya ce shi ke nan an gama.

Ina zaune a wurin. Na san sarai saƙon nan ba zai tsayar da ko kaza ba, ni da nake ɗauke da marigayin a babur shekara da shekaru. Kalma ɗaya ta ishe ni: a aika da goro. Na buɗe baki, sai damin rakena ya faɗo mini a rai, na mayar da bakina na rufe. Kwana huɗu ina yayyafa wa rake ruwa, ina jin kaina kamar ɓarawo a gidan mutuwa.

Asabar da safe aka yi addu'a, aka raba waina, jama'a suka fara watsewa. Wajen azahar sai muka ji ƙarar mota. Bayanta wata. Sai babura, sai baro, sai mata da tukwane a ka, sai mai lasifika yana gwada na'urarsa. 'Yan Jajaye sun zo da rigunansu, wai sun ga saƙo amma ba su ga goro ba, kuma ba za su zauna a gida Daura ta ɗauki rago a banza ba. 'Yan Daura ma abin da ya kawo su ke nan. Taubashina ya fito yana ɗaga waya sama, "Na tura fa! Wallahi na tura, ga shi kowa ya karanta!" Na ce masa, "Mutumin birni, a nan ba a cin waya." Ya harare ni, amma ba lokacin wasa ba ne, domin Kawu Babba ya riga ya ɗauki sandarsa ya nufi gona.

Muka bi shi a baya. Yana isa bakin fili wurin ya yi tsit, mai lasifika ya kashe kayansa. Tsohon ya tsaya yana kallo, daga wannan kusurwa har waccan, mutane sun fi na idi. Sai wata tsohuwa mai alala daga Jajaye ta sauke tukunyarta, ta matso ta durƙusa.

"Alhaji, ina wuni. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta."

"Amin. Baiwar Allah, ba a gaya muku an fasa ba?"

"An ce waya ta faɗa. Mu dai goro muka ci, Alhaji, da hannunsa ya ba ni. Tun asuba nake surfen wake. In kun ce mu koma, sai mu koma, gida naku ne. Amma ɗakin da nake kwana, da tukunyar nan na yi masa rufin kwano, a gonar nan taku. Na ce ko ba a buga ba, in zo in tsaya inda ya ce in tsaya."

Kawu Babba ya juyo ya kafe ni da ido.

"Kai ka san za su zo."

"Na sani, Kawu."

"Ka yi shiru."

"Na yi shiru. Rakena na ji wa tsoro. Duk hukuncin da ka yanke mini daidai ne."

Na sunkuyar da kai ina jiran sanda, kuma da ta sauka ba zan kauce ba. Can sai na ji ya ce, "Ƙanena ya gayyaci mutane. Ba zan mayar da shi maƙaryaci yana kwance ba. A kawo mini kujera. A buga."

Wayyo Allah, ihun da ya tashi! Na tabbata an ji shi a Karaye. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa marigayi fatiha, dubban mutane suka shafa, sannan alƙali ya busa. Na ruga gida na turo baro, na koma na ƙaro, na sake komawa. Wuƙata ba ta huta ba, ina fere ina kuka ina miƙa canji, wani ya ce, "Mai rake, gishiri kake sa mana?" Jajaye ta fara ci, magoya bayansu suka ɓarke cikin fili da rawa. Bayan la'asar Daura ta farke da wani bugu daga nesa wanda mai tsaron gida bai ma gani ba. Saura kaɗan a tashi, ɗan wasan Jajaye ya sa kai ya jefa ta biyu, masu acaɓan Rogo suka dinga danna oda kamar an ɗaura auren ƙauyen gaba ɗaya. Tukwane suka ƙare, mai tsire ya karkaɗe tirensa, dami talatin ɗina ko guntu bai rage ba.

Duk wannan bidiri Kawu Babba yana kan kujera, sanda tsakanin gwiwoyi. Na lura ba ƙwallon yake bi da ido ba. Mutane yake kallo, masu saye da masu sayarwa, da waɗanda ke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna gaya masa abin da ƙaninsa ya yi musu. Shi ya miƙa wa kyaftin ɗin Jajaye igiyar rago.

Rana ta yi ja, jama'a na watsewa, na zo in kama shi ya tashi. Ya riƙe hannuna bai tashi ba.

"Baɗi in an cire gyaɗa, ka zo da baburinka ka ɗauke ni mu raba goro. Ban san gidajen ba, kai za ka nuna mini."

Na ce, "To, Kawu."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɓarin goro wanda ya fara bushewa, gefensa ya yi baƙi.

"Ka san gidan da ƙanena yake fara kai wa goro, kafin ya kira ka da babur? Gidana. Da ƙafa yake zuwa, ya durƙusa ya ce, Yaya ga naka. Shekara ashirin da shida. Ina karɓa, ina ci, ba na zuwa."

Ya juya ɓarin goron a tafinsa, ya dubi filin da ya rage sai ɓawon rake da sawun mutane.

"Yau na zo, ɗan nan. Mai gayyar ba ya nan."

Ya Allah, Kawu ya ciyar da mutane ta hanyar da babu wanda ya yi tsammani. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓe shi yadda yake karɓar baƙo.